Ƙwanƙwasa ƙofa a kamfen ɗin 'yan majalisar Amurka: aiki ne ko ɓata takalmi?

Maman Khadija, Bronx

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da izinin shugabanni zan kawo maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata biyu ke nan duk Asabar da Lahadi, in na tashi daga aikin kula da tsofaffi, nakan bi 'yan sa-kai na wata mata da ke neman kujerar Majalisar Wakilai a mazaɓarmu, a nan birnin New York. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba tallarta na zo yi ba. Aikin shi ne bin gida-gida. Suna sa mana wata manhaja a waya, MiniVAN, ita ce ke nuna ƙofar da za ka buga da sunan wanda za ka tambaya. In an buɗe ku gaisa, ka ji damuwarsa, ka rubuta ko yana tare da ku ko yana shakka ko ba ya yi. In ba a buɗe ba sai ka rataya takarda a hannun ƙofa, don doka ta hana a jefa ta cikin akwatin wasiƙa.

Makon jiya aka ba ni ginin da nake zaune. Gini ne mai hawa shida, kusan rabinsa mu ne: 'yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Gambiya. Wallahi ƙofa huɗu kawai wayar ta kai ni, kuma babu ta mutanenmu ko ɗaya. Na wuce ƙofar matar da na je walimar samun takardar zamanta 'yar ƙasa. Na wuce ta wani dattijo da ya haura shekara ashirin da fasfo ɗin Amurka. Na tambayi yaron da ke jagorantarmu, ya ce sunayen daga rajistar masu zaɓe suke fitowa, kuma sun fi bin waɗanda suka taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani. Wanda ba ya cikin jerin, babu ɗan takarar da zai aiko masa da kowa.

Na kwana da abin a raina. Muna cewa ba a kula da mu, ashe ko sunanmu ba su gani. Shi ya sa nake roƙon mu kafa teburin rajista a bakin masallaci bayan Juma'a, kafin zaɓen fid da gwani na watan Yuni. Wa zai taya ni?

Alhaji na Damagaram

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, niyyarki mai kyau ce. Amma ni shekara 22 ina jan taksi a garin nan, na ɗauki 'yan siyasa da masu ba su kuɗi a bayan motata, na ji hirarsu. Kuɗi ke zaɓe a ƙasar nan. Ke kina hawa bene ƙafa na ciwo, wani yana rubuta cek ɗaya ya sayi talabijin na wata guda. Kada su yi amfani da ke su ci zaɓe, gobe ki kira ofishinsu na'ura ta amsa miki.

Ɗan Zango, Parkchester

Baba Alhaji, da girmamawa, bari in kawo abin da ya faru a nan unguwarmu ina makarantar sakandare.

A 2018 Joe Crowley ne ɗan majalisar mazaɓa ta 14, wadda ta haɗa wani yanki na Bronx da na Queens. Tun 1999 yake majalisa, shi ne na huɗu a manyan 'yan Dimokurat na Majalisar Wakilai, shi ne kuma shugaban jam'iyyar a Queens. Har ana raɗe-raɗin shi zai gaji Nancy Pelosi, shugabar 'yan Dimokurat ta majalisar a lokacin. Tun 2004 babu wanda ya ja da shi a zaɓen fid da gwani. Sai ga Alexandria Ocasio-Cortez, 'yar shekara 28 mai aiki a gidan abinci. Doka ta ce sai ta tara sa hannun mutum 1,250 kafin sunanta ya hau takardar zaɓe, ita da 'yan sa-kanta suka tara ninkin haka a tashoshin jirgin ƙasa da ƙofofin mutane. Crowley ya fi ta kuɗi fiye da ninki goma. Da aka shirya muhawara a nan Bronx bai ma zo ba, wata tsohuwar kansila ya turo.

Ranar 26 ga Yuni ta samu ƙuri'a kusan 17,000, shi kusan 13,000. Baba, duba lambar nan da kyau. Mazaɓar da ke da mutum sama da 700,000, waɗanda suka fito ba su kai 30,000 ba, tazarar kuma kusan 4,000. Bayan zaɓen ta saka hoton takalmin da ta yi yawon da shi, ƙasansa ya huje ruwan sama na shiga. A mazaɓa irin tamu duk wanda ya ci fid da gwani na Dimokurat ya gama, zaɓen Nuwamba cika sharaɗi ne. Ƙuri'a 4,000 fa. Mutanen Afirka ta Yamma da ke cika masallatan Bronx ranar Idi sun fi haka.

Alhaji na Damagaram

Yaro, na san labarin nan, ina gari aka yi. To ka ba ni labarin Jamaal Bowman. Shi ma shugaban makaranta ne a Bronx, shi ma da 'yan sa-kai ya kayar da Eliot Engel a 2020, mutumin da ke majalisa tun 1989. Me ya faru a 2024? Ƙungiyar AIPAC mai goyon bayan Isra'ila ta zuba fiye da dala miliyan 14 ta hannun reshenta na kamfe, saboda abin da yake faɗa kan Gaza. Har zuwa lokacin ba a taɓa kashe kuɗi a fid da gwanin Majalisar Wakilai kamar wannan ba. George Latimer ya kayar da shi da tazara mai faɗi. Ina masu buga ƙofar suke ranar? A shekarar aka yi wa Cori Bush haka a St. Louis.

Kuma ita Alexandria ɗin, in ka duba inda ta fi samun ƙuri'a, Astoria ne da Sunnyside, unguwannin samari masu digiri da suka tare daga baya. Ba irinmu ba ne suka ɗora ta.

Ɗan Zango, Parkchester

Maganar Astoria gaskiya ce Baba. Amma ai ita ce maganar Maman Khadija. Su suna cikin jerin, mu ba ma ciki.

Malam na Harlem

Alhaji, ka kawo hujja mai nauyi, bai kamata a share ta ba. Kuɗin nan sun yi aiki, duk wanda ya kunna talabijin a lokacin ya ga yadda aka yi wa Bowman ruwan talla. Sai dai akwai abin da ake mantawa.

Latimer ba baƙo aka ɗauko daga sama ba. A lokacin shi ne shugaban gundumar Westchester, ya yi kansila, ya yi majalisar jiha, shekara da shekaru yana zuwa jana'iza da buɗe shago da taron tsofaffi. Mafi yawan mazaɓar kuma a Westchester take, Bronx ɗan yanki ne kawai a ciki. Su ma masu adawa da Bowman ba talla kaɗai suka saya ba, sun bi mutanensu ɗaya bayan ɗaya, sun sa su rajista da jam'iyyar kan lokaci, sun tabbatar sun fita. Shi kuma ya ba da ƙafa: ya ƙi zaɓen dokar gina hanyoyi da gadoji ta 2021, ga batun ƙararrawar gobara da ya danna a ginin ofisoshin 'yan majalisa a 2023 har majalisa ta tsawata masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ni abin da na ɗauka daga labarin biyun shi ne, da ɗan gari akan ci gari, ko kana da kuɗi ko ba ka da su. Barack Obama ya yi shekara uku yana haɗa kan jama'a a kudancin Chicago, amma da ya nemi kujerar Majalisar Wakilai a 2000, Bobby Rush ya ninka shi a ƙuri'a, domin mutanen mazaɓar sun san Rush tun zamanin gwagwarmayar baƙar fata. Wato ba kowane mai buga ƙofa ke ci ba. Wanda mutane suka sani kafin ya zo roƙo shi ke ci.

Game da ko zuwa ƙofa yana tasiri, an gwada. A 1998 malaman jami'ar Yale biyu, Alan Gerber da Donald Green, sun raba masu zaɓe a New Haven: wasu aka aika musu wasiƙa, wasu aka kira su a waya, wasu aka je har ƙofa. Waɗanda aka je wa ido da ido sun fi fita zaɓe nesa ba kusa ba, kiran waya kuwa kusan bai motsa kowa ba.

Uwar Biyu

Salam. Ni dai tsoro nake ji. Girin kad, wato takardar zaman dindindin, gare ni, saura shekara ɗaya in nemi zama 'yar ƙasa. In na zauna a teburin nan ba zai ɓata mini takardu ba? Mijina ya ce kada in kusanci komai na siyasa sai na yi rantsuwa.

Baban Zainab, Minneapolis

Ƙanwata, tambayarki ta fi duk abin da aka faɗa muhimmanci, kuma ina roƙon kowa ya karanta a hankali.

Wanda ba ɗan ƙasa ba, ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ba ya kuma cika fom ɗin rajista. A kan fom ɗin akwai tambaya ko kai ɗan ƙasa ne. Wanda ya amsa da i alhali bai zama ba, ko da bisa kuskure ne, zai iya rasa damar zama ɗan ƙasa, har a kai ga korarsa. Don haka duk wanda zai zauna a teburin nan, tambayar farko da zai yi wa mutum ita ce: ka yi rantsuwa? In ya ce bai yi ba, ko bai tabbata ba, kada a ba shi biro. Kada son tara suna ya sa mu jefa ɗan'uwa a rami.

Amma aikin sa-kai ba laifi ba ne. Mai girin kad zai iya buga ƙofa, ya raba takarda, ya fassara wa tsohuwa, har gudummawar kuɗi doka ta yarda ya bayar. Wanda ba shi da girin kad ba zai ba da ko sisi ba, sai dai aikin jiki wanda ba a biyansa. Duk da haka ke da kike dab da neman takarda, in hankalinki bai kwanta ba ki tambayi lauyanki tukuna. Ba za a rasa abin da za ki yi ba, ko ruwa ne ki kawo wa masu zama.

Sannan Alhaji, bari in ba ka abin da idona ya gani a nan. Somaliyawa ba su fi mu kuɗi ba lokacin da suka fara. A 2016 Ilhan Omar ta kayar da Phyllis Kahn, wadda ta shekara 44 a majalisar jiha, ta hanyar haɗa mutanen unguwar Cedar-Riverside da ɗaliban jami'ar Minnesota. A 2018 ta hau kujerar da Keith Ellison ya bari a majalisar tarayya. Abin da na lura da shi, matan nan masu shaguna a kasuwannin Somaliyawa kowacce ta san gida goma da za ta kira, ta san wa ke buƙatar mota, ta san wa ba ya jin Turanci. A 2022 da mutanenta suka yi sanyi, Don Samuels ya kusa kayar da ita, tazarar ba ta kai ƙuri'a 3,000 ba. A 2024 suka farka, ta ba shi tazara mai kyau. Rashida Tlaib kuwa a Detroit da ƙuri'a 900 ta tsallake fid da gwani a 2018.

Bambanci ɗaya: mu a Minnesota kana iya rajista ranar zaɓe, kuma ba a tambayar jam'iyyarka a rajista. Ku a New York ba haka ba ne.

Maman Khadija, Bronx

Na gode Yaya, ka rage mini aiki. Haka ne, a nan sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ke shiga fid da gwaninta. Mutanenmu da yawa sun yi rajista ranar da suka yi rantsuwa, suka bar gurbin jam'iyya babu komai don suna ganin hakan ya fi tsafta. To ranar fid da gwani sai a ce musu babu takardarsu. Wanda ke son sauya wannan, ranar ƙarshe 14 ga Fabrairu ce, ta bana ta wuce. Amma sabon mai rajista yana da dama har kwana goma kafin zaɓe, kuma a nan take zai zaɓi jam'iyyarsa. Yaranmu da suka cika 18 su ne na fi ji, an haife su a nan, ba su da fargabar takarda, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su.

Dattijo, Kano

Ni daga gida nake bin ku, ɗana ne ya sa ni a zauren. 'Yata Maman Khadija, tambaya gare ni: nawa suke ba ki a rana? Don a nan yanzu ko fosta yaro zai liƙa sai an ba shi na mai.

Maman Khadija, Bronx

Baba, ko kwabo. Akwai ma'aikata kaɗan da kamfe ke biya albashi, su ke tsara mu. Mu sauran ruwa ne da ɗan abin taɓawa.

Dattijo, Kano

To Allah ya yi miki albarka. Kin tuna mini da abin da na taso na tarar. NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ba ta da kuɗin NPC, ba ta da sarakuna. Teloli ne da mahauta da 'yan koli da malaman zaure, kowa ya sayi katinsa da kuɗinsa, ana bin kasuwa-kasuwa. Hajiya Gambo Sawaba tana shiga gidajen kulle inda namiji ba ya shiga, tana yi wa mata magana tun ba a ba matan Arewa ƙuri'a ba, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. An daɗe ana shan kaye. Amma a 1979 almajiran Malam Aminu Kano a PRP suka ci Kano da Abubakar Rimi, suka ci Kaduna da Balarabe Musa. Kusan shekara talatin ke nan tsakani. Alhaji na Damagaram yana auna abin da zaɓe ɗaya, shi ya sa yake ganin asara.

Maman Khadija, Bronx

Baba, maganar shiga gida ta taɓa ni. Abokiyar tafiyata Baturiya ce, yarinya mai kirki. Akwai ƙofofin da in ita ta buga sai a leƙo ta ɗan ramin nan a yi shiru. In na matso aka ga hijabi na yi sallama, sai ka ji ana zare sarƙa. Wata 'yar Bangladesh ta zaunar da mu ta ba mu shayi, ta kai mu banɗakinta ta nuna mana rufin da ke zuba wata biyar. Ba ta tambaye mu manufar ƙasashen waje ba. Haya, zafin ɗaki a lokacin sanyi, da takardun mahaifiyarta, su ne maganarta.

Abu Sumayya

Ni ina da ja a wani wuri daban. Waɗannan 'yan takarar da kuke yabo, akwai abubuwan da suke goyon baya da suka saba wa addininmu da tarbiyyar 'ya'yanmu, kowa ya san abin da nake nufi. Yaya zan tsaya a bakin masallaci ina tura mutane wurinsu? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Malam na Harlem

Abu Sumayya, damuwarka halal ce, ni ma ina da ita. Amma teburin ba na 'yar takarar Hajiya ba ne, kuma bai kamata ya zama ba. Tun 1954 dokar haraji ta hana ƙungiyoyin da aka yafe wa haraji, har da wuraren ibada, shiga kamfen ɗin wani ɗan takara, shi ya sa limamai da yawa ba sa kama suna a kan mumbari. Rajista kuwa ba ta da jam'iyya. Wanda ya so Rifablikan ya rubuta Rifablikan, wanda ya so Dimokurat ya rubuta. In kana ganin duk 'yan takarar ba su yi maka ba, hanyar da za su ji hakan ita ce su ga sunanka cikin masu fita zaɓe, su turo a tambaye ka. Yanzu ba sa jin ƙorafinka, ba sa jin yabona.

Abu Sumayya

Na ji Malam, amma ban gamsu duka ba. In za a yi, sharaɗina kada in ga fostar kowa ko rigar kowa a wurin. Hajiya ma ta cire bajon kamfe ɗinta ranar.

Maman Khadija, Bronx

Na yarda ɗari bisa ɗari. Aikin kamfe na Asabar da Lahadi ne, na Juma'a na al'umma ne. Ba zan haɗa su ba, kuma sunayen da muka rubuta ba zan kai wa kowa ba.

Baban Zainab, Minneapolis

Alhaji ya ce in an ci zaɓe na'ura ce za ta amsa. Yana faruwa. Amma kowane ɗaya cikin 'yan Majalisar Wakilai 435 yana da ofis a mazaɓarsa da ma'aikatan da aikinsu ke nan: bin kadin takardun da suka maƙale a hukumomin tarayya, na shige da fice, na fansho, na fasfo. Kana sa hannu a takardar izini, su rubuta wa hukumar. Ba sa tambayar wa ka zaɓa, ba sai kai ɗan ƙasa ba ne, mazaunin mazaɓar kawai. Takardun matata sun yi wata goma sha huɗu a wani ofishi babu amsa. Ma'aikaciyar da ta karɓe ni ta gane ni daga taron unguwa da muke yi, cikin mako uku muka san inda fayil ɗin ya kwana. Ba su ba ta biza ba, ba su da ikon haka, amma sun sa an buɗe fayil ɗin. Kuma wa'adinsu shekara biyu ne kacal, kullum suna cikin neman ƙuri'a.

Alhaji na Damagaram

Na karanta duka. Har yanzu ina nan kan cewa ranar da masu kuɗi suka ga dama za su sayi kujerar, kuma gwiwata ba ta hawa bene. Amma maganar gurbin jam'iyya ta tsaya mini. Na yi rantsuwa a 2009, ban tuna abin da na cika ba, kuma ban taɓa zuwa zaɓen watan Yuni ba, na Nuwamba kawai nake zuwa. Ɗan Zango, ta yaya mutum zai duba?

Ɗan Zango, Parkchester

A shafin hukumar zaɓe ta jiha Baba, gunduma da suna da ranar haihuwa da lambar unguwa ake sawa, minti biyu ne. Zan zo da kwamfuta ranar Juma'a in duba wa duk mai so. Akwai kuma kwana tara na jefa ƙuri'a da wuri kafin ranar zaɓen, har da Asabar da Lahadi, don direbobi da masu aikin dare.

Uwar Biyu

Na yi magana da maigida. Ya ce in kawo ruwa da kujeru, amma ba zan taɓa fom ba.

Maman Khadija, Bronx

Ya isa, Allah ya saka. Ina da fom na Turanci da na Sifaniyanci da na Bengali, zan karɓo ƙari. Muna buƙatar mai jin Faransanci da mai jin Zabarmanci ko Fulatanci don 'yan'uwanmu na Nijar da Gini. Malam, don Allah ka nema mana izinin liman kafin Laraba. Teburi biyu nake so, ɗaya ta ƙofar mata, don in aka sa shi ta gaba kaɗai matan za su wuce ba su tsaya ba.

Alhaji na Damagaram

Faransanci da Zabarmanci ku bar mini. Ƙarfe nawa za a kafa teburin, kafin huɗuba ko bayan an sallame?